Jan Yatsun Goggo Mai Guga

A shagon wanki da guga na ƙarshen layi kowa Goggo yake ce mata, har mai shagon. Ta fara aikin ne bayan rasuwar mijinta, da 'yarta guda a goye, kuma a gaban teburin nan furfura ta same ta. Fararen kaya ne nata: rigunan ma'aikata, zannuwan gadon otal. In ta karya kwalar riga sai ka rantse daga kanti ta fito.

Jiri ne ya fara kama ta, sai ciwon ƙeya. A asibiti malamar jinya ta ɗaura mata abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa.

"Mama, da ƙafarki kika zo?"

"Da ta wa zan zo, 'yar nan?"

Hawan jini ne. Aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta rage gishiri da tsayuwa cikin zafi. Malamar ta ce bitirut ma yana ɗan taimaka wa zuciya, amma fa ba ya maye gurbin magani.

Goggo ta nemo shi a kasuwa. Saiwa ce ja, dunƙulalliya kamar albasa, ɗanɗanonta kamar ƙasa ta sha ruwan sama. Kowace safiya ta goga, ta matse a tsumma, ta runtse ido ta shanye.

Ƙwayoyin kuwa fitsari suke sa ta, ga banɗakin can bayan gini. Ta ajiye dutsen guga ta fita, ta dawo, ta sake fita, har mai shagon ya fara cewa, "Goggo, yau ma yawon ne?" Kunya ta ishe ta. Ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa, ta riƙe bitirut shi kaɗai, tana cewa ai na Allah ya fi na kwalba.

Jan bitirut ɗin ya kama mata yatsu, ya shige ƙarƙashin farce, sabulu ya kasa. Wata rana gumi ya jiƙa mata hannu, sai ga shatin babban yatsanta a ƙirjin farar rigar wani, dutse ya bi ta kai ya zaunar da shi daram. Mai rigar ya yi ta ruwan bala'i. Da ya tafi, mai shagon ya sosa ƙeya.

"Goggo, ki je ki huta haka nan. Jiki da jini."

Ba ta roƙe shi ba. Ta naɗe wayar dutsen, ta ɗauki ƙoƙon shan ruwanta.

Ba ta jima da zaman gida ba ta faɗi a bakin famfo. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. 'Yarta, wadda yanzu shara take yi a wata makaranta, ta kwaso ta zuwa ɗakinta. Wajen ɗaga katifa ta ga ƙwayoyin. Likita ya ce a ci gaba da addu'a, hannun dai da wuya ya dawo.

Yanzu 'yar ce ke juya ta, ta yi mata wanka, ta ba ta magani a cokali. Ta daina zuwa aiki. Goggo takan bi ta da ido, da ƙyar harshen ke juyawa.

"Ki... koma. Za su ba wata aikin."

"Sun riga sun bayar, Inna. Buɗe bakin."