Ƙaryar da Ta Zaunar da Kaka

Har yau in na ji warin tafasa a kan wuta, sai in tashi in bar wurin. Ganyen bai yi mini laifin komai ba, shi ya riƙe mu ma a shekarun fari. Wadda yake tuna mini ce nake jin nauyinta.

Ina 'yar shekara tara ruwa ya ɗauke mana damina biyu a jere. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rumbunan gidanmu suka koma wurin ɓuyan kaji. Kullum da hantsi ni da kakata, mahaifiyar Baba, muke fita neman ganye. Gonakin wajenmu a manne suke da juna, kowa ya tsince na kusa, dole sai mun bi burtali mun yi nisa har bakin fadama.

Kaka ta tsufa sosai, amma ba ta riƙe sanda. Ƙwarya a ka, ba gammo, take bin kan kunyar gona kamar an shimfiɗa mata hanya. In ƙaya ta soke ta, sai ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta ɗago ɗayar ta zare, ƙwaryar ko motsi. Daga tabarma kuwa ba ta dafa ƙasa in za ta miƙe. Na taɓa tambayarta dalili.

Ta ce, "Ƙafa kamar karatu ce, 'yar nan. Ranar da kika daina bita, ranar ta fara zubewa."

Ni dai na tsani tafiyar. Ga rana, ga yunwa, ga kaushin ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin mu dawo 'yan'uwana sun kankare ƙanzon tukunya sun cinye. Za ka ce ƙanzo ne kawai, amma a wannan shekarar yaro yakan yi mafarkinsa.

Wata rana a gangaren wani busasshen kududdufi ƙafar Kaka ta ɗan zame. Hannu ɗaya ta kai ƙasa, ta miƙe tana dariya, ko ganye ɗaya bai zube ba. Da yamma Baba yana alwala, na je na durƙusa kusa da shi, na ce Kaka ta faɗi har sau biyu, kuma ta ce tana ganin jiri.

Baba mutum ne mai tsananin son uwarsa. Ya shiga ɗakinta ya tsuguna, ina laɓe a bakin ƙofa.

Ya ce, "Inna, don Allah ki huta haka nan. In kika karye a daji, da wane ido zan dubi mutane?"

Ta ce, "Wa ya ce maka na faɗi?"

Ya kira ni. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ni kuma ina kallon yatsun ƙafata. Kalma ɗaya za ta faɗa in sha bulala.

Sai ta ce, "To, tunda yarinya ta gani."

Daga ranar Kaka ta zauna. Matan gida suka karɓi neman ganye, ni kuma na sami ƙanzona. Ruwan alwala ma kawo mata ake yi, in ta yunƙura a ce, "Zauna, me kike so?" Kowa yana ganin alheri yake yi mata. A gabana ta fara dafa ƙasa in za ta tashi, daga nan ta koma dafa bango, daga baya sai an miƙa mata hannu. Na ga duk wannan, bakina bai buɗe ba.

Da damina ta dawo, ranar ruwan shuka, gida ya watse kowa ya tafi gona. Kaka ta ji ƙanshin ƙasa ta kasa haƙuri, ta tashi za ta leƙa. A dokin ƙofar ɗakinta, wanda ta shekara hamsin tana tsallakewa, ta faɗi, ƙugunta ya karye. An ɗauko mai ɗori daga wajen Zakirai, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ba ta sake takawa ba. Kafin a yanke geron shekarar ta rasu. Ni nake kai mata kunu a kwanakin jinyar, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban nemi gafararta ba.

Yanzu ni ce tsohuwar gida. Likita ta ce in riƙa tafiya kullum, in riƙa dafa bango ina tsayawa da ƙafa ɗaya, in tashi daga kujera in zauna sau da yawa. 'Ya'yana kuwa sun sayo mini kujera mai laushi, sun sa a kawo mini komai har gabana. In na ɗauki mayafi zan zaga gona, babban ɗana yakan tare ni ya ce, "Hajiya, ina kuma za ki? Ki huta mana." Ina ganin tsoron da ke idonsa, na san na ƙauna ne. Sai in ce masa ya matsa mini hanya. Yana ɗauka taurin kai ne na tsufa, ni kuma har yau ban iya gaya masa dalilin ba, kamar yadda ban iya gaya wa Baba ba har ya koma ga Allah yana ganin ya kula da uwarsa.