Tarwaɗar Iya Mai Banda

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina yawo da raina, kuma ran nan nawa shi ne hujjar da aka kafa a kan wata baiwar Allah cewa mayya ce.

A ƙauyenmu, can cikin fadamar Haɗeja, gidanta yana jikin namu. Bandar kifi take yi, mu yara muna ce mata Iya. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namijin da zai tsaya mata, ga ta kuma ba ta barin ta-kwana. Ni kwaɗayi ne ya mai da ni 'yar gidanta. Kullum ina tsugune a gindin bandarta, tana tsokanata wai na fi mage naci, tana gutsuro mini tarwaɗa mai zafi.

Daminar da nake shekara tara, ruwa ya cika fadama, sauro ya samu gari, zazzaɓi ya kayar da ni har ina sambatu. Da safe ƙanin babana ya ɗauko malamin asibiti a keke, ya yi mini allura. Da rana gwaggona, wadda ba ta yarda da allura ba, ta turara mini hayaƙi, ta dafa kaina tana tambayata wa nake gani, wa ya kama mini kurwa. Ban ga kowa ba. Kwana uku ban sa komai a bakina ba, kifi kawai raina ke so. Sai na ce Iya.

Kafin la'asar tsakar gidanmu ya cika. Aka jawo ta ba ko ɗankwali, tana rantsuwa, tana cewa a kawo Alƙur'ani ta dafa, ba wanda ya saurare ta. Aka shimfiɗe ni a tabarma, aka sa ta tsallake ni sau uku don ta saki kurwata. Ban manta fason ƙafarta ba, da warin hayaƙin da ke zanenta.

Bayan kwana biyu na miƙe. Da na mutu, da an ce ta cinye ni. Da na tashi, sai aka ce ta sake ni. Ba wanda ya tuna da allura.

Ba a cin abin hannun mayya, don haka kifinta ya riƙa ruɓewa a faifai. In ta wuce, yara su bi ta da "kurwata kur", kuma muryata ta fi ta kowa. Kafin kaka ta tattara komatsanta ta koma wajen wanta, a wani ƙauye ta wajen Baturiya.

Na girma na zama ma'aikaciyar jinya a Haɗeja. Duk damina sai an kawo mini yara masu irin zazzaɓina, suna kiran sunan duk wanda ya zo bakinsu. Kowane na ji, sai in tuna da Iya. Da na samu labarin Iya tana nan da rai, na ƙudura sai an wanke sunanta kafin ta mutu.

Na yi ta sintiri tsakanin mai unguwar ƙauyenmu da liman. Mai unguwa ya ce a bar kaza cikin gashinta. Liman ya yarda, amma ya ce 'ya'yan waɗanda suka jawo ta su ne a sahun gaba yanzu, ba zai tozarta iyayensu ba. Na roƙa a ce an zalunce ta. Abin da aka faɗa bayan sallar Juma'a shi ne gari ya yafe mata, ta dawo in tana so. Na ce da babu gara ba daɗi.

Na shiga kwale-kwale, muka ratsa ciyawar kachala, na je kai mata albishir. Na same ta ta rankwafa, ido ya dushe, tana juya kifi da lalube. Ina yin sallama ta tambaya ko mage ce ta dawo. Na durƙusa na faɗa mata saƙon.

"Sun yafe mini," ta ce. "To, 'yar nan, me na yi musu?"

Na ce mata kifi nake so ranar, shi ya sa na kira sunanta. Ta ce ai ta sani tun a lokacin.

"Ina tsallake ki ina roƙon Allah Ya tashe ki," ta ce, "kuma na san in kin tashi tawa ta ƙare."

Na yi kuka, na nemi gafara, ta ce yaro ba ya laifi. Komawa kuwa, ta ce ba inda za ta. Sannan ta laluba kan banda, ta gutsuro tarwaɗa mai zafi, ta miƙo mini kamar da.

Ni da na san sauro, na san allura, ni da na ratso ruwa don in wanke ta, sai hannuna ya tsaya. Bai fi ƙiftawar ido ba. Amma wanda ya shekara arba'in yana miƙa abu ba a karɓa, ba ya bukatar ido kafin ya gane. Kafin in kai hannu ta mayar da kifin kan banda.

"Bar shi, 'yata," ta ce. "Ba dole."

Ta rasu da rani. Har yau kunyar hannun nan ba ta sake ni ba.