Tagar da Aka Toshe a Gidan Geesje

A layinmu na Groningen, a ƙasar Holan, ba a sakin labule. Mai wucewa yana ganin abin da ke kan teburin kowa, kuma Geesje Dijkema ta fi kowa riƙo da wannan. Tun tana budurwa take soya dankali a shagon bakin layi, har ƙafafu suka gaza. Da mijinta Wiebe ya rasu, sai ta soma ba ɗaliban makarantar zane hayar ɗakin sama. Ta sha warin fenti, ba ta taɓa korar kowa ba.

Sai ga sabuwar 'yar hayarta Femke, ɗalibar shekarar ƙarshe, ta manne tagar ɗakin da baƙar leda.

Harm, wanda gidansa ke kallon nata, ya fito da karensa, ya tare Geesje tana kulle keke. "Maƙwabciya, noma kika fara a sama? Haka masu shuka wiwi ke yi. In aka kama, masu gidan a titi za su zube miki kaya."

"Kai dai ka ji da karenka," in ji ta.

Amma maganar ta zauna mata. Gidan na haya ne, a cikinsa kuma Wiebe ya cika. Ta dinga shinshina ƙasan ƙofa, tana taɓa bango ko da ɗumin fitilun da masu shuka wiwi ke kunnawa. Femke kuwa har kwanuka take wankewa ba a sa ta ba, abin da ya ƙara wa Geesje zargi.

Wata rana da hantsi ta ƙwanƙwasa. "Yarinya, buɗe, ko in yage ledar nan da hannuna."

"Uwargida, shigo ki rufe da sauri, kada haske ya ɓata min aikin jarrabawa."

Duhu ne, babu shuka ko ɗaya. Femke ta yi wa ledar ɗan huji, hasken waje na shigowa ta nan yana sauka kan takardar hoto a bango. Da idon Geesje ya saba, sai ta ga layinmu gaba ɗaya a kife, rufin gidaje a ƙasa, kekuna a sama. Ga Harm a tagarsa, kai a ƙasa, da madubin hangen nesa a ido.

"Kullum yana nan," in ji Femke. "Ba ɗakina yake kallo ba ma, falonki ne."

Geesje ta daɗe tana dubansa. Da yamma ta je kasuwa ta sayo labule mai kauri, na farko a layinmu. Yanzu a ƙofarta ita ma maƙwabta ke tsayawa suna shinshinawa.