Injin Niƙan da Ya Koma Baya

Ni malamin aikin inji ne a wata makarantar koyon sana'a a Kafanchan, kuma bakina ba shi da linzami, wannan kowa ya shaida. A ƙauyenmu nake zaune, a hanyar Manchok, kullum da safe in hau babur in tafi aiki. 'Yan shekarun baya na fara ɗaukar gajerun bidiyo da wayata ina sakawa a intanet, ina bayanin yadda inji ke aiki da Hausa, don na gaji da ganin ɗalibai suna haddace Turancin da ba su san kansa ba. Da giya na fara. Kafin ka buɗe baki, giyar inji nake nufi, mai haƙora, ba wadda ake sha a gindin mangwaro ba. Masu kallo sun yi mini wannan tsokanar har ta tsufa. Duk bidiyon da na saka sai wani ya rubuta a ƙasa, "Tica, kwalba nawa?" In ba shi amsa daidai da shi, a yi dariya, a wuce.

Sharhin masu kallo shi ne daɗin aikin. Akwai wani tsohon direba daga Gwantu da ke tsayar da bidiyo ya ƙirga haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rubuto cewa na yi ƙarya da haƙori guda. In koma in ƙirga, in tarar shi ne da gaskiya, in yini ina jin haushinsa. Irin waɗannan mutane nake tsammanin su ne duk masu kallona.

A ƙauyen namu akwai wata gwauruwa da kowa ke kira Mama mai inji. Mijinta makaniki ne a jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya sai ya haɗa mata injin niƙa da hannunsa, kuma maimakon bel ɗin da kowa ke sawa, ya sa giya biyu da ya tsinto a cikin tsoffin ƙarafa, babba da ƙarama, a fili, babu murfi. Bayan rasuwarsa da injin nan take ci, ita da jikokinta biyu. Ba ta da gona, ba ta da wani mai aiko mata.

Wata Asabar da safe na je ɗaukar injin a bidiyo. Na tarar ta ci ado da zanen zuwa coci.

"Tica, za a gan ni har Abuja?"

"Ai inji zan ɗauka, Mama."

"To ka ɗauke shi da kyau. Baba ya sha wahala a kan shi."

Na ɗaura wayar a jikin sanda, ta tayar da inji, mata suna layi da kwanonin masara da dawa, kaji suna tsince-tsince a ƙarƙashin ƙafafunsu. Da na koma gida ina duba abin da na ɗauka, sai na ga wani abu. Daidai lokacin da inji ya kai ƙarshen gudunsa, babbar giyar sai ta rage gudu, ta tsaya cak, sannan ta fara rarrafe da baya, alhali gari yana ta zuba a kwano.

Na san dalilin. Kamara ba ta gani kamar ido, hotuna take ɗauka ɗaya bayan ɗaya da sauri. Idan tsakanin hoto da hoto haƙorin giya ya matsa har ya kusa kaiwa gurbin na gabansa, sai ka ga kamar baya ya ja. Abin ya burge ni. Na bar shi a ciki don ya yi kyau, ban yi bayaninsa ko da kalma ɗaya ba. Laifina na farko ke nan.

Ranar Litinin ina ofishin malamai na buɗe sharhi. Na farko ya ce, "Tica, a minti na uku inji yana tafiya baya." Na yi murmushi. Na biyu ya ce, "Inji yana baya, gari yana fita gaba. To wane ne ke niƙan?" Na ƙasa da shi ba shi da hoto, sunansa ma lambobi ne kawai. Ya rubuta, "Na san rumfar nan. Tun da mai gidan ya mutu ba a taɓa kiran makaniki ba. Wanda ya haɗa shi bai daina zuwa aiki ba."

Nan murmushin ya ɗauke. Wanda ya rubuta wannan ya san launin ƙofarta. Wataƙila da safiyar nan na gaishe shi a kan hanya, ya amsa mini da fara'a.

Kafin Laraba kalmar ta fito fili: mayya. Wata ta rubuta cewa hatsi take niƙawa gaba, arzikin mutane kuma baya, shi ya sa duk wanda ke kai niƙa wurinta ba ya ci gaba. Wani ya ce cittarsa ta ruɓe a gona bana, yanzu ya gane. Kai! Raina ya ɓaci, na zauna na bi su ɗaya-ɗaya. Na yi bayanin kamara, na haɗa da zagi. Na ce wa mai cittar ya je ya tambayi ruwan da ya kwanta masa a gona, na ce wa wata ƙwaƙwalwarta ce ke tafiya baya. Duk amsar da na bayar sai ta haifi goma. Bidiyon da a da ba ya samun masu kallo sai 'yan tsiraru ya shiga wayar kowa a ƙauye, har ta waɗanda ba su iya karatu ba, jikoki ke karanta musu.

Mata suka fara wuce rumfar Mama da kwanoni a ka, suna tafiya har injin bakin titi. Idan ta yi musu sannu, su amsa ba tare da sun juyo ba.

Sai na ce bari in kashe maganar da ilimi. Dama ina da niyyar yin darasi a kan tace sigina, wato yadda ake raba sautin da ake so daga hayaniya. Na koma rumfar na naɗi ƙarar injin. A bidiyon na ce musu ƙara a cakuɗe take kamar kamu kafin a tace shi, akwai kwamfuta da ke yin aikin rariya, ta riƙe wani ta saki wani. Zan cire rurin injin, su ji haƙora suna haɗuwa ƙas, ƙas, ƙas, ba tsayawa ba ja da baya, daga farko har ƙarshe. Na cire rurin. Haƙoran suka fito tas yadda na ce.

Amma a ƙarƙashinsu akwai wani abu da rurin ya daɗe yana rufewa. Sau ɗaya a kowane zagayen babbar giya, wani sauti mai nauyi yana fita, a hankali, kamar numfashin dattijo yana hawan tudu. Na ce a raina boris ɗin da giyar ke juyawa a kansa ne ya ci, kuma har gobe na tabbata boris ne. Na saka bidiyon haka, ina ganin na gama da su.

Wayyo ni. Wani ya ce ya ji ana cewa "ba ni ruwa". Wani ya ce a'a, da yarenmu ake magana, ya rubuta abin da ya ji. Masu kallon da ba su taɓa taka ƙasar nan ba suka shigo suna gardama a kan daƙiƙar da muryar ta fi fitowa. Sannan wata mata ta rubuta, ba zagi, ba ihu, cewa sunan ɗanta ake kira, wanda suka binne da daminar bara, kuma ta roƙe ni in ƙara tacewa ko za ta ji abin da yake son faɗa mata.

Na sa abin sauraro a kunne a ofis, tsakar rana, malamai suna hira a gefena, na kunna sautin don in tabbatar wa kaina. Na ji sau ɗaya, boris. Sau biyu, boris. Na yi ta maimaitawa. Can sai na ji shi ya ce "zo". Na sake kunnawa, ya sake cewa "zo", sarai, kuma daga nan ban ƙara iya jin boris ɗin ba. Na cire abin daga kunne na jefa a aljihun tebur, ban gaya wa kowa ba.

Faston cocinmu ya kira ni. Mutumin kirki ne, abin ya dame shi. Ya ce, "Tica, kai ka ɗaure, kai za ka kwance. Ka zo ka nuna wa dattawa da idonsu, ba ta waya ba." Na ce ai wannan shi ne mafi sauƙi, ido ba ya yin ƙaryar da kamara ke yi.

Ranar Alhamis da la'asar muka taru a rumfar. Dattawan ikilisiya suna gaba, matan zumuntar coci a baya, sauran jama'a sun cika bakin ƙofa har sun tare haske. Ga hadari ya haɗu, cikin rumfar ya yi duhu. Wani dattijo ya ce shi ba ya ganin komai, a kawo fitila. Aka miƙo fitilar caji, irin mai arhar nan, aka rataye ta saman giyoyin. Mama ta ɗaura ɗankwali tamau, ta kama hannun tayar da inji ta juya da kanta. Ba ta kalli kowa ba.

Na tsaya a gaba ina ta zuba, hannu ɗaya a ƙugu. Na ce su zuba ido, su gaya mini in sun ga ta tsaya. Inji ya ɗauki gudu. Na juya na nuna babbar giyar da yatsa.

Ta rage gudu. Ta tsaya cak, har ina iya ƙirga haƙoranta, ga inji yana ruri ƙasa tana rawa. Sannan ta fara rarrafe da baya. Babu waya a hannuna, babu kamara tsakanina da ita.

Ƙafata ce ta ja da baya kafin kaina ya yi aiki. Na yi tsalle har na take wani dattijo, bakina ya ce, "Jinin Yesu!"

A cikin daƙiƙar nan na gane. Fitilar ce. Haskenta ƙiftawa yake yi da saurin da ido ba ya kamawa, ita ma hotuna take yanka mana ɗaya-ɗaya kamar kamara. Na yi ihu a kashe fitila, a kashe fitila! Ina! Wa ke saurare? Mata sun zubar da takalma, dattawa suna ture juna a ƙofa. Na kai hannu na kashe ta da kaina. Giyar ta koma gudunta na kullum, gaba, ba a ko ganin haƙoranta. Na ce, "Ku duba! Ku dawo ku duba!" Daga ni sai fasto sai Mama a rumfar. Ta kashe injin, ta zauna a kan buhu.

Ashe wani ya ɗauka da waya. Bidiyonsa bai kai minti ɗaya ba, kuma bai kai wurin kashe fitilar ba. A ƙarƙashinsa sharhi ɗaya ake ta maimaitawa: "Tican ma ya gani." Na goge bidiyoyina biyu, na yi sabo a kan fitila, ba wanda ya kalla sai direban Gwantu. Nasu kuwa yana ta yawo waya zuwa waya, ba ni da hanyar goge shi.

Bayan mako guda na ɗauki masara rabin buhu na ɗaura a babur, na bi ta tsakiyar ƙauye a hankali don kowa ya gani, na kai wa Mama. Rumfar a share take tas, ko kaza ɗaya babu. Ta niƙa mini, ta tankaɗe, ta ɗaure bakin buhun da kanta. Na fito ina hura hanci.

A gida matata ta kalli buhun, ta kalle ni. Ta ce, "Baban yara, ni ban ce akwai wani abu ba. Amma yara ne za su ci." Ni da na zagi rabin ƙauye, na buɗe baki, sai na tuna abin da na ji a kunnena a ofis. Buhun ya zauna a bayan ƙofa, ba a kwance shi ba.

Ranar Lahadi a coci Mama ta zauna a benci ita da jikokinta, benci mai ɗaukar mutum takwas. Bayan sujada ta same ni a bakin ƙofa.

"Tica, yaya garin? Ya yi laushi?"

"Ya yi kyau ƙwarai, Mama. Tuwon ya yi daɗi."

"Madalla." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Na ga matarka ranar Juma'a da masara a ka, za ta bakin titi. Ta gaishe ni da kyau." Sai ta rage murya don kada na kusa su ji in ji kunya. "Ka ce mata kada ta zubar da wancan, ɗana. Ka kawo mini. Mu za mu ci."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Washegari da safe, kafin in wuce makaranta, na ɗaura buhun a babur na kai mata. An rufe injin da tsohuwar tamfol, an danne da duwatsu. Ta karɓi buhun da hannu biyu, ta ce Allah ya yi mini albarka.