Makon da Kaka Ta Yi Dashe

Jiya ina wanke gwangwanin tumatir, ya suɓuce ya faɗa kwano, ƙararsa ta tsayar da ni cak. Irinsa kakata, mahaifiyar babana, ta jera a bakin tagar kicin ɗinmu shekarar da ta zo jegon ƙanena. Ina da shekara tara. Muna zaune a Amurka, a wani ɗan ƙauye can gaba da Bowie, gonakin masara sun kewaye mu, kafin ka ga Bahaushe sai ka yi tafiya mai nisa a mota.

Kaka ta cinye hunturu a kulle. Wata 'yar Nijar a Fort Washington ta ba ta irin kuɓewa da yakuwa, ta shuka a gwangwanayen, kullum tana leƙa su kamar jarirai. Hankalinta kuwa yana gida, damina tana matsowa, ba ta san wanda zai yi mata sharar gona ba.

Wata Lahadi a Afrilu rana ta buɗe har muka tuɓe rigunan sanyi. Litinin aka wayi gari da ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi. Kaka ta ci ɗamara ta kwashi gwangwanaye.

Babana ya ce, "Inna, a ɗan dakata. Masu hasashe sun ce sanyi zai dawo kafin Juma'a."

Ta ce, "Tun ba a haife ka ba nake duban hadari. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, me kuma ake jira?"

Ta dasa su a bayan gida.

Talata iska ta wuni tana kaɗa ƙofofi. Laraba zafi. Alhamis da hantsi aka yi ƙanƙara, kafin azahar rana ta fito kamar ba a yi komai ba. Kaka ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta goya jariri ta fita, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dawo, ta sake fita. Abincinta ma a tsaye take ci.

Mamana da yin arba'in ta koma aiki, don haka da na dawo daga makaranta ni kaɗai Kaka ta samu. Ta nuna talabijin ta ce, "Ƙawata, zo ki gaya min abin da mutumin nan yake cewa."

A lokacin ina jin Hausa, amma da Turanci nake amsawa. Na yi ta lalube a bakina, da ƙyar na ce, "Ya ce gobe da safe ruwa zai zama dutse, a kan ciyawa."

Ba ta yi dariya ba. "Raɓa ce za ta daskare?"

Na ce e.

Bayan la'asar ta buɗe akwatinta, ta fito da zannuwan da take ajiya don ranar komawa. Muka lulluɓe shukar, muna danne gefe da duwatsu, iska tana yayewa muna mayarwa, har yatsuna suka daina ji.

Da safe ciyawa ta yi fari fat. Kuɓewar duk ta langaɓe, ta yi baƙi kamar an dafa ta. Yakuwa uku ce ta tsira a jikin bango. Kaka ta daɗe a tsugune tana taɓa ganyen, sannan ta ce, "Saman garin nan bai san ni ba. Idan babanki ya dawo, ki ce masa ya nema min jirgi."

Da Hausa na gaya masa, ina kuka. A watan Mayu ta tafi, ba ta ɗanɗani yakuwar ba. Sau uku babana yana aika mata ta dawo, tana cewa a gaishe mu. Ina jami'a ta rasu.

Yanzu gonakin nan sun zama gidaje. Wayata ta nuna min mako mai zuwa za a yi zafi, a yi ruwa, a koma sanyi, abin da kawai na yi tunani shi ne rigar da zan saka. A duk layinmu babu wanda halin sama yake hana shi zama ya ci abinci. Ban taɓa zaton zan yi kewar wannan ba.