Duwatsun Sabo

Yayana Sabo direba ne, kuma tun ina yarinya ban san shi da wata hanya ba sai ta Agadas. Yakan ɗebi turkuɗi a Ƙofar Mata, baƙin yadin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa, ya loda a gingimari ya nausa arewa.

In ya dawo gidanmu na Sheshe kuwa mun shiga uku. Ba zai tambayi lafiyar kowa ba, sai labarin hanya. Wai bayan Damagaram itatuwa suna ƙarewa, kwalta ta miƙe cikin rairayi, can sai ga jajayen duwatsu a jere kamar ganuwa, wani ma kamar raƙumi ya durƙusa. Matarsa Mero takan ce, "Malam, dutse dai? Ga Goron Dutse nan a bayanmu." Ta tashi ta bar shi da bakinsa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa kunnensa na rediyo, wani direba ya yi sallama a zaure. Ya ce ya ga motar Sabo a gindin duwatsun nan, injin ya mutu, ba kowa a ciki. Aka jira, shiru. Har manya suka fara maganar Mero ta shiga takaba.

Ta ƙi. Ta sa aka kira direban, ta tambaye shi daga bayan ƙyaure, "Salkar ruwan da yake ratayawa a jikin mota tana nan?" Ya ce babu. Ta ce, "To, da ƙafarsa ya tafi." Ni kam na ji haushinta, na ɗauka taurin kai ne kawai. Kuka nake, ita tana share masa ɗaki kullum.

Wata ranar Laraba da hantsi ina tankaɗe, sai ga mutum a tsakar gida, ya rame, fuskarsa shuɗiya har wuya. Na kusa kurma ihu. Ashe Sabo ne. Ya bi sawun raƙuma neman taimako, ruwa ya ƙare, ya faɗi. Buzaye suka tsince shi, suka yi jinyarsa a bukkarsu, suka naɗe masa kai da irin turkuɗin da yake kai musu, shuɗin rinin ya kama masa fata.

Na yar da rariya, na ruga na ɗebo masa ruwa. Ya sha ruwa, ya numfasa, ya ce, "Lami, da kin ga duwatsun nan ta baya..."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Mun kusa yi maka sadakar uku, kai kana ta duwatsu?"

Mero ta jawo kujera ta zauna a gabansa. Ta ce, "Ƙyale shi, Lami. Malam, faɗa mini. Fara daga Damagaram."