Kunnen Hagu na Jobeda Apa

Shekara talatin da ɗaya, Jobeda Khatun kan fito da hantsi, jaka a kafaɗa, ta bi kunyoyin shinkafa zuwa ƙauyukan gundumar Kishoreganj. In ruwa ya shanye hanya, ta hau kwale-kwale. Ƙwayoyi da allurar tazarar haihuwa take kai wa mata har cikin ɗaki, suna kiranta Apa, wato yaya. Duk mun san kunnenta na hagu ba ya ji, ta ce mana faɗuwa ta yi a mashayar kogi.

Ranar Alhamis, a taron sallamarta daga aiki, Hashem Ali masunci ya miƙe babu wanda ya kira shi.

"Ba faɗuwa ta yi ba," ya ce. "Ni na kwaɗa mata gorar tuƙin kwale-kwale."

Shugabar taron ta saki kofin shayi. Mata suka dafe ƙirji suna salati.

Ashe shekara ashirin da suka wuce, matarsa Moyna ta haihu bakwai, likita ya ce na takwas zai tafi da ita. Hashem ya tarar ana yi wa Moyna allurar tazarar haihuwa a ɓoye a bayan garken shanu, ya kwaɗa wa Jobeda gorar. Jini na zuba daga kunnenta, ta ƙarasa allurar kafin ta zauna. Bayan wata uku, ranar allura ta biyu, sai ga ta a ƙofar gidan, ta yi sallama.

"Apa, me ya hana ki kai ƙara?" in ji shugabar.

"In 'yan sanda sun ɗauke shi, wane miji ne zai sake barina in shiga gidansa? Mata ɗari huɗu fa nake dubawa." Ta juya wajen Hashem da ke share hawaye. "Hashem Bhai, ɗan'uwana, in gafara kake nema, zagayo ta dama. Wancan ɓangaren kai ka rufe shi."

Babu wanda ya iya dariya sai Moyna, jikarta a cinya.

Jobeda Apa, ke ce kika haɗiye abin da ko ƙannenki ba su sani ba, don kada ƙofa ta rufu ga matan da ba su da wani sai ke. Mun gode, kuma mun ji kunya. Ku 'yan matan da za ku karɓi aikinta, ku koyi komawa gidan da aka kore ku. Mu kuma maza, kada mu bari wata ta sake biyan irin wannan farashin.